Ranakun Talata a Gidan Bayahudiya

Shekarun da na yi ina karatu a Ingila kusan duk a kan teku na ƙarar da su, ni da ban taɓa shiga ko kwalekwale ba. Abin ya samo asali ne tun ina koyar da tarihi a gida. Kowace shekara sai in tsaya gaban aji in ba da labarin yadda ayari ke tashi daga Kano da jar fata da gashin jimina da hauren giwa, ya keta Sahara wata da watanni, ya sauka Tarabulus. A nan littattafanmu suke tsayawa. Raƙumi ya durƙusa a bakin ruwa, an sauke kaya, shi ke nan. Wata rana wata ɗaliba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to daga nan wa yake saye?" Na yi 'yan kame-kamena, na ce Turawa. Ita ba ta gamsu ba, ni ma ban gamsu ba.

Bin sawun wannan tambaya ya kai ni, a takarda, wani gari na bakin teku a Italiya mai suna Livorno. Bayan an kori Musulmi da Yahudawa daga Andalus da Fotugal, masu mulkin wannan gari sun buɗe wa Yahudawan ƙofa, suka ce su zo su zauna su yi fatauci ba mai tsangwamar su. Suka zo, suka watsa danginsu a tashoshin jiragen ruwa. Wa yana Livorno, ƙane yana Tunis, suruki yana Tarabulus, ɗan baffa yana Halab. Jirgi ya tashi da murjani da takarda da madubi, ya dawo da fata da kakin zuma da gashin jimina. Murjanin da kakanninmu mata suke ɗaurawa, da takardar da malamanmu suka rubuta Alƙur'ani a kanta, da yawansu ta wannan ruwa suka biyo. Abin da na samu gurbi a Manchester in bincika ke nan, kuma a lokacin murna nake yi kamar an ba ni kujerar Makka.

Yayana likita ne a Birmingham, ya daɗe a can, 'ya'yansa ma Turancin garin ne a bakinsu. Shi ya tarbe ni a filin jirgi, shi ya sayo mini rigar sanyin farko. Ya yi mini halacci, ba zan ɓoye wannan ba. Sallar farko da na yi a ƙasar a gidansa na yi ta. Falo ya cika da likitoci da injiniyoyi da akantoci, ga waina ga miyar taushe, hira duk ta shift ɗin aiki ce da mortgage, wato bashin sayen gida, da makarantar yara. Wani injiniya ya juyo gare ni ya ce, "Malam, kai me kake karantawa a uni ɗin?"

Na ce, "Tarihin fataken Yahudawa na Bahar Rum."

Sai injiniyan ya fashe da dariya. "Yanzu fisabilillahi an ɗauki nauyinka tun daga Kano ka zo ka karanta Yahudawa? Duk matsalolin da suka ishe mu?" Aka yi dariya, ni ma na yi, don ban san yadda zan yi da fuskata ba. Na fara bayanin murjani da takarda, kafin in kai rabi wani ya tambayi inda ake samun rago mai sauƙi. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ni a gaban Yaya, shi yake amsawa. "International trade yake yi," in ji shi, sai ya canja magana.

A Longsight na kama ɗaki, cikin layin gidajen jan bulo da suke manne da juna, kusa da kasuwa. Ga mahauta na halal, ga masallaci, ga bas a Stockport Road da ke kai ni makaranta. Zama bai yi mini wuya ba, karatun ne ya tsaya cik. Fataken nan sun yi wasiƙunsu da tsohon Italiyanci gauraye da na Fotugal da na Sifen, rubutun kuwa kamar kaza ta taka tawada ta bi ta kan takarda. Ajin koyon harshen da na shiga ya koya mini yadda zan sayi kofi ne kawai. Na nemi bizar zuwa Livorno in ga garin da idona, aka hana ni, wai ba a gamsu zan dawo ba. Sai hotunan takardun aka turo mini, na tasa su a gaba ina kallo kamar ɗan ƙauye a gaban allon jirgi.

Malamar da ke duba aikina, wata Baturiya mai haƙuri, ta ce akwai wata tsohuwa Bayahudiya a Salford da ta yi ritaya daga koyar da harsuna, danginta kuma daga wancan garin suka fito. Ta ce, "Tana da faɗa, amma ba wanda ya kai ta iya karanta wannan rubutun a nan."

Wata Talata na hau bas biyu na je. Da na sauka unguwar sai na ga maza masu gemu da dogayen riguna baƙaƙe, mata sun rufe kai da ƙafa suna tura yara a keke, wasu yaran na biye. Abin ya ba ni mamaki, don ya fi kama da gida fiye da duk inda na taka a ƙasar. Na ƙwanƙwasa. Wata 'yar gajeruwar tsohuwa ta buɗe, da sanda a hannu, kai fari fat ba ɗankwali. Ba ta gaishe ni ba, sai ta ce, "Ka makara."

Bakina ya riga ni. Na ce, "Ki yi haƙuri, Hajiya."

"Me ka ce da ni?"

Na yi mata bayani cikin jin kunya, na ce haka muke kiran dattijuwa mai daraja, asalinsa kuma wadda ta je Makka. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Ta ce ta karɓi sunan, in shigo in cire takalmi. Daga ranar haka nake kiran ta.

Faɗan da aka ce tana da shi ba a faɗi rabinsa ba. Fensir take riƙewa, in na yi kuskure ta buga shi a kan tebur. "Ba jirgi ba ne wannan, kaya ne. Idon naka na ado ne?" Sai in sake. In na karanta layi daidai ba ta yabo, sai dai ta ce, "Ci gaba." Abin da ta nema a wurina shi ne in fitar mata da kwandon shara, in canja ƙwan fitila in ya mutu, wani lokaci in raka ta kanti in riƙo mata leda. In mun gama ta kawo kifi da shinkafa da lemon tsami, ta ce, "Ci. Alade bai taɓa shiga gidanmu ba tun kafin a haifi kakanka." Da sanyi ya shigo, la'asar ta fara riskata a gidan, ta buɗe mini ɗakin da take ɗinki, ta ajiye mini tawul mai tsabta. Ba ta taɓa tambayata komai a kai ba, sai sau ɗaya ta ce in daina barin ruwa a ƙasan bayi, za ta zame.

A hankali mutanen cikin takardun suka fara magana. Ba manyan maganganu suke yi ba. Wani yana zagin ƙanensa na Tunis don ya aiko da fata mai danshi ta ruɓe a hanya. Wata bazawara ta karɓi kasuwancin mijinta tana juya maza. Wani jirgi an killace shi a bakin gari kwana da kwanaki don tsoron annoba, mai kaya yana kuka kakin zumansa zai narke. Ranar da muka ci karo da wani mutumin Barno da 'yan fashin teku suka kama, yana tuƙin jirgin yaƙi a ɗaure, wani falke Bayahude ya shiga tsakani aka fanshe shi aka mai da shi Tarabulus, sai da na tashi tsaye. Ta kalle ni ta saman tabarau ta ce, "Zauna. Kada ka mai da su waliyyai. Yana da kasonsa a ciki."

Nata dangin daga Livorno suka koma Tunis, daga can kakanta ya biyo auduga zuwa Manchester lokacin da masaƙun garin ke tashe. Akoko da alawayyo ya yi ta turawa Afirka ta Yamma. Da ta faɗa mini na ce, "Ashe ku ne kuka kashe masaƙan garinmu."

Ta ce, "Mu dillalai ne kawai. Injin na Bature ne, bindigar ma tasa ce."

Na ce, "Hajiya, dillali ai yana karɓar la'ada."

Muka yi ta yi har shayi ya huce. Ba ta sakar mini ba, ni ma ban sakar mata ba, kuma Talata mai zuwa na dawo. Haka muka yi kusan shekara biyu.

Sai yaƙin Gaza ya ɓarke. Kamar kowa a unguwarmu, na kasa cin abinci in ji daɗi. Ranar Asabar in fita tsakiyar gari da jama'a mu yi zanga-zanga, ranar Talata in hau bas zuwa Salford. Unguwar tasu ta canja. Masu gadi a ƙofar kowace makaranta, matan da a da ba su ko kallona yanzu suna tsallaka titi in sun hango ni. Ita kuwa ta buɗe ƙofa idonta ja. Tana da 'yar ƙanwa a can ƙasar Yahudawan da iyalinta. Kafin in zauna ta ce, "Ka je zanga-zangar?"

"Na je."

"Za ka koma?"

"Zan koma, Hajiya."

Ta juya fensirin a hannu. Ta ce, "Ni ma ina da talabijin. Yaran da ake tonowa daga ƙarƙashin gini ina ganin su, ba makauniya ba ce ni. Amma in na ji abin da wasunku suke faɗa a titi, sai in tashi in duba ko na kulle ƙofa."

Na ce ita tana da ƙofar da za ta kulle, su can ko bangon babu. Ranta ya ɓaci, na ɗauka korata za ta yi. Sai ta ja takardar gabana ta ce, "Inda muka tsaya." Muka karanta. Ba mu taɓa daidaitawa a kan wannan magana ba, kuma ba ta taɓa rufe mini ƙofa ba.

Daga wajen namu abin ya fara zuwa. Akwai wani akanta ɗan garinmu da ke zaune a Levenshulme, shi ke kula da ajin weekend da ake koya wa yaranmu Hausa da tarihin gida. Ni nake koyar da manyan yaran, kuma ina son aikin. Wata Talata ya biyo ta unguwar a mota, ya gan ni ina riƙe da ledar kantin Yahudawa mai rubutunsu a jiki, tsohuwar na dafe da hannuna. Bai tsaya ba, bai kira ni ya tambaya ba. Hoto ya ɗauka ya sa a group ɗin 'yan Arewa na waya, ya rubuta a ƙasa cewa Allah ya raba mu da masu fuska biyu.

Kafin Juma'a labarin ya yi ƙafafu. Wai su ke biyan karatuna. Wai ina kai musu labarin masu zuwa zanga-zanga. Wata mata da ta sha aiko mini da tuwo ta rubuta cewa ita dama tun farko jikinta bai ba ta ba. Na yi dogon bayani a group ɗin, na faɗi ko wace ce tsohuwar da abin da take koya mini. Ba wanda ya amsa, sai wani ya turo sanarwar suna. Akantan ya kira ni da murya mai laushi ya ce iyaye sun ɗan nuna damuwa, in ɗan huta da ajin zuwa wani lokaci. A masallaci kuwa hannu ake ba ni, amma da kan yatsu.

Yaya ya ce in zo Birmingham. Na hau jirgin ƙasa na je. Bai shigar da ni gida ba, a cikin motarsa muka zauna a ƙofar gidan don kada yara su ji. Daga asibiti ya dawo, katin aikinsa na rataye a wuya.

Ya ce, "Kai ka san abin da ka jawo mini? Shekara nawa nake gina sunana a cikin mutanen nan? Jiya a wajen ta'aziyya wani babban likita, consultant, ya tambaye ni wai gaskiya ne ƙanena a gidan Yahudawa yake cin abinci."

Na ce, "Yaya, tsohuwa ce da ta girmi mahaifiyarmu. Karatu take koya mini."

"Hajiya ma na ji kake ce mata. Hajiya!" Ya buga sitiyari. "Ka ga abin da ake yi wa asibitoci a can? Likitoci irina ake binnewa da rigar aiki. Ni ba na iya barci. Kai kuma kana ɗaukar musu leda."

"Ba ita ta jefa bam ba, Yaya."

"Ban ce ita ce ba. Na ce ba lokacinsa ba ne. Ka daina zuwa. In an huce ka koma. Sunan aikin ma ka canja shi, ka sa Kano a gaba, ka cire waccan kalmar. Wa zai ba ka aiki a gida da wannan a takardarka?"

Na ga hawaye a idonsa, kuma na san na gaske ne, ba don mutane kawai yake yi ba. Shi ya sa ban ɗaga murya ba. Na ce ba zan daina ba, ba kuma zan canja ba. Ya ce to, ya tada mota ya mai da ni tasha, ko ruwa ban sha a gidansa ba.

Ba a daɗe ba tsohuwar ta faɗi a matakala, ƙugunta ya karye. Ɗanta ɗaya ne, injiniya ne shi ma, kuma a Birmingham yake. Na taɓa haɗuwa da shi a gidanta, muka gaisa faram-faram, har ya yi mini godiyar kula da uwarsa. Da aka sallame ta daga asibiti ya ɗauke ta ya kai ta wani gidan kula da tsofaffi kusa da shi. Maƙwabciyarta ce ta faɗa mini sunan wurin ta tsagin ƙofa, ba ta cire sarƙar ƙofar ba.

Na sayi inabi da lemon tsami na tafi. Ma'aikaciyar da ke bakin ƙofa ta ce in jira, ta yi waya. Jim kaɗan sai ga ɗan ya fito daga ciki, ya ce mu yi magana a waje. Muka tsaya a wurin ajiye motoci, ana yayyafi.

Ya ce, "Na gode da ka zo. Mahaifiyata ta gaji, ba ta buƙatar baƙi."

Na ce minti kaɗan zan yi, in gaishe ta kawai.

Ya ce, "Na san inda kake zuwa ranar Asabar. Ita ta faɗa mini, tana dariya, wai kai mai taurin kai ne. Ni ban ga abin dariya ba. 'Yata ta daina sa sarƙarta mai alamar addininmu in za ta makaranta, don tsoro. Ban ce kai mugu ba ne. Ban san ka ba, shi ne maganar. Kuma yanzu ba zan bar wanda ban sani ba kusa da ita ba."

Na ce shekara biyu ina fitar mata da shara. Ya ce ya sani, ya kuma gode. Ya karɓi ledar inabin cikin ladabi, ya koma ciki, ƙofar gilashi ta rufe da kanta.

Ba ni da inda na sani a garin sai gidan Yaya, ga jikina ya jiƙe. Na je. Matarsa ta buɗe, ta ce, "Innalillahi, shigo, shigo," ta kawo mini tawul da tuwo mai zafi. Yaya ya zauna yana kallona ina ci. Ya tambayi abin da ya kawo ni, na faɗa masa. Bai yi faɗa ba. Ya girgiza kai, ya ƙara mini nama a kwano, ya ce, "Ka gani ko? Ai na faɗa maka." Na gwammace ya sake mai da ni tasha da yunwa da wannan naman. Na cinye shi duk da haka, don matarsa na tsaye.

Bayan 'yan makonni wayata ta yi ƙara da hantsi, ina ɗakin karatu. Lambar ban san ta ba. Muryar ta shaƙe amma faɗan na nan. "Malalaci. An ce maka na mutu ne?"

Na fita waje da gudu. Na ce, "Hajiya, na zo. Ɗanki ya hana ni shiga."

Ina jin ƙarar talabijin a bayanta. Can ta ce, "Inabin naka ne ke nan." Na ce nawa ne. Ta ce, "Yaron nan matsoraci ne tun yana ƙarami. Ko kare ya gani sai ya shige bayana. Amma yanzu makullin a hannunsa yake." Ta ce za ta yi masa magana. Sannan ta tambayi inda na tsaya a wasiƙun bazawarar nan. Na ce akwai kalmar da ta gagare ni. Ta ce in jero mata haruffan. Na jero, ta ce inshorar jirgi ce, an gajarta ta ne, kuma ta taɓa nuna mini ita, kaina ne kamar rariya. Wani ya yi mata magana a gefe, ta ce sai an jima.

Ko ta yi wa ɗan nata magana, ko ta yi ya ƙi, ban sani ba har yau. Na kira lambar sau da yawa, ma'aikata suka ce sai da izinin iyali. Rasuwarta daga bakin malamar da ke duba aikina na ji, a ƙofar ofis, ta ɗauka na sani. Su ma kamar mu ba sa ajiye gawa, an daɗe da binne ta. Na koma Longsight na zauna a bakin gado. Ba wanda zan yi wa ta'aziyya, ba kuma wanda zai yi mini. A unguwar nan in kakar abokin wani ta rasu a Gusau sai an taru an yi addu'a an ci shinkafa. Ni ban da bakin faɗa wa kowa.

Na gama aikin da sunansa yadda yake. A wajen kare shi, ɗaya daga cikin masu jarrabawar, wani farfesa Bature, ya yaba ƙwarai, sannan ya ce yana mamakin abin da ya hana ni tsayawa a ɓangaren Kano, inda muryata za ta fi ƙarfi. Wato in koma bakin ruwa in tsaya wajen raƙuma. Na ce na gode da shawara. Aka ba ni digirin.

Aikin jami'a bai samu ba, nan da gida. Yanzu ina wani ɗan ofis kusa da tsohuwar tashar jiragen ruwa ta Salford, muna tura wa mutane motoci da firji da kayan gwanjo a kwantena zuwa Legas. Na iya aikin, mai ofishin ma yana mamakin yadda na san sha'anin inshora. Ni da Yaya muna gaisawa, ina zuwa Sallah, ba ma taɓa maganar.

Ajin yara kuwa ba a sake kirana ba, kuma ba wanda ya taɓa cewa an zalunce ni. Abin ya bi ruwa kawai. Mutane suka dawo ba ni hannu cikakke, matar nan ta sake aiko da tuwo, kamar ni kaɗai na yi mafarkin abin. Kwanan baya bayan sallar Juma'a ina neman takalmina, sai na ji an dafa kafaɗata. Akantan ne, fuska cike da fara'a.

"Dokta! Kwana biyu. Wallahi kai nake nema. Babban yarona zai shiga uni, history yake so, ya ƙi jin maganar medicine. Ko za ka duba masa personal statement ɗinsa na neman gurbi? Kai ne namu a wannan fannin."

Na tsaya da takalmi ɗaya a hannu ina kallon sa, ina jira ko zai ƙara wani abu. Bai ƙara ba. Yaron na taɓa koyar da shi, yaro ne mai hankali, ba shi ya ɗauki hoto ba. Na ce ya turo. Ya ce Allah ya saka da alheri, ya wuce yana gaisawa da jama'a, ni kuma na sa takalmina na fita neman bas.